Kunyar Dusa da Jinyar Inna

Masu ta'aziyya sun watse, an naɗe tabarmi, kowa ya ce in yi haƙuri. Na yi. Mutuwa ta Allah ce, ban musa ba, ba kuma zan musa ba. Amma duk wanda yake ganin haƙuri shi ne in kama bakina a kan yadda jinyar mahaifiyata ta gudana, to ya nemi wani ya yi masa wannan haƙurin. Ni zan faɗa, har da nawa laifin, wanda ya fi na kowa girma. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sunana Shehu. Ina da injin surfe da niƙa a Wurno. Mata su aiko da gero ko dawa, in cire masa dusa, in mayar musu da hatsinsu fari tas, dusar kuma in tara a buhuna in kai kasuwar Goronyo wa masu kiwon raguna. Da wannan nake ci, da shi nake taƙama. A unguwarmu idan mace ta tuƙa tuwo ya fito da duhu, cewa ake yi ba a injin Shehu aka surfa ba. Tun da mahaifinmu ya rasu Inna take zaune a gidana, matata Luba ce ke yi mata girki.

Abin ya fara da ƙafa. Bayan an gama girbi Inna ta ce takalminta ya matse ta. Muka yi dariya, Luba ta ce ai hutu ne ya karɓe ta. Sati bai zagayo ba sai ga kumburin ya hau har idon sawu, in ka danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Ga kasala, ga ƙaiƙayin jiki, ga bakinta da ta ce kullum ɗaci yake yi. Luba ce ta ja ni gefe ta ce fitsarin Inna kumfa yake yi kamar an zuba sabulu. Ni kuwa da hankalina, da gemuna, sai na tafi kemis.

Shekara da shekaru Inna na shan ƙwayar ciwon gwiwa daga kemis ɗin nan. Biyu da safe, biyu da yamma, in ciwon ya matsa ta ƙara. Ni ke saya, har ina jin daɗi wai ina kula da uwata. Mai kemis bai taɓa tambayar shekarunta ba, bai taɓa cewa a gwada jininta ba. Ranar da na kai masa maganar kumburi, ko ɗago kai bai yi ba ya ce taifot ce da maleriya. A ƙasar nan ko jaki ne ya harbe ka, taifot ce da maleriya. Ya zo gida ya rataya mata ledar ƙarin ruwa a ƙusar bango. Matar da jikinta ya riga ya cika da ruwa, aka ƙara mata leda uku, mu kuma muna tsaye muna yi masa godiya.

Sati biyu muka ɓata a haka. A sati na uku fuskarta ta fara kumbura da safe, sai muka kai ta wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Ma'aikacin da ya ɗaura mata abin awon jini a hannu ya duba, ya kwance, ya sake ɗaurawa, sannan ya dube ni ya ce, "Tun yaushe taka da hawan jini?" Na ce ba ta da shi. Ya ce tana da shi, kuma ya daɗe. Allah ya saka wa bawan Allahn nan da alheri, bai riƙe mu ba, bai yi mana kwana-kwana ba. Ya rubuta takarda ya ce mu wuce Sakkwato.

Wanda bai taɓa bin layin asibitin birni da tsohuwa mara lafiya ba, kada ya ce ya san wulaƙanci. Layin kati daban, layin biya daban, layin jini daban, kuma kowace taga in ka iso sai a ce maka ba nan ba ne. Wani mai rubuta kati ya bar mu tsaye ya tafi karin kumallo, ya dawo yana sakace. Inna na zaune a kan siminti ta jingina da Luba. Sai a zuwa na uku muka ga likitar ƙoda.

Mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, kuma ita kaɗai ce a duk gidan nan ta gaishe da Inna kafin ta dubi takarda. Ta ce ƙodojin Inna sun gaji. Hawan jinin da ba a kula da shi ba ya cinye su a hankali, ƙwayoyin kemis kuma sun taya shi. Abin da ya lalace ba ya dawowa, amma akwai saura, kuma aikinmu shi ne mu lallaɓa sauran nan kada a kai ga wankin ƙoda, wato a riƙa ɗora mutum a kan inji yana tace masa jini. Da Inna ta ji haka sai ta yi magana a karon farko, ta ce, "Ɗiyata, don Allah kar ki bari a sa ni bisa injin ga." Likita ta ce za ta yi iya ƙoƙarinta idan mu ma mun yi namu.

Ta rubuta maganin hawan jini da na rage ruwa. Ta hana ƙwayoyin kemis, ta hana kanwa kwata-kwata, ta ce gishiri da dunƙulen miya a yi musu tsakure, nama kuma kaɗan. Sannan ta tambayi Inna kwana nawa take yi ba ta zaga ba. Inna ta sunkuyar da kai. Luba ta amsa mata, ta ce wani lokaci kwana huɗu, wani lokaci biyar. Likita ta tambayi abin da take ci, aka ce farar shinkafa, farin tuwo, koko tatacce, burodi da shayi. Ta juyo gare ni ta tambayi sana'ata. Da na faɗa, sai ta ajiye alƙalami ta yi dariya.

"To ai kai ne ɓarawon," in ji ta. "Malam Shehu, a cikin hanjin kowane mutum akwai wasu ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu, ba kuma cuta ba ne. Kiwo ne Allah ya ba kowa a cikinsa. Abincinsu shi ne abin nan da kake cirewa, da zare-zaren ganye da na wake, mu faiba muke ce masa. In sun samu, sai su yi wa jiki aiki, ciki ya riƙa tafiya. In ba su samu ba, bayan gida ya zauna kwana da kwanaki, sai dattin da ke ciki ya riƙa komawa jini. Wa zai tace shi? Ƙodar da ta riga ta gaji."

Na ce to in ɗebo mata dusa a buhu ke nan. Ta ce kul. Ta ce ba magani ba ne, kada in je in ce likita ta ce dusa na warkar da ƙoda. Masu bincike suna kan aikin, ba su gama ba, amma abin da aka gani zuwa yanzu ya isa a ce kada a bar mai ciwon ƙoda da farin abinci zalla da ciki a ɗaure. Kuma abin da awo ne, don dusar ma in ta yi yawa tana da nata gishirin da ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. Ta kwatanta wa Luba: a haɗa surfaffen gero da wanda ba a surfa ba a niƙa tare, miyar kuɓewa, kabeji, albasa wadda dama Allah ya hore mana, ɗan wake da aka jiƙa aka tafasa aka zubar da ruwan farko. Duk wata mu dawo a duba jini, ita za ta ce a ƙara ko a rage.

Ranar da na fara niƙa garin nan, sai da na jira mata suka watse daga bakin inji. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku irin mutumin da nake.

Luba ta riƙe abin da hannu biyu. Tukunyar Inna daban, ludayinta daban, gishirinta a ɗan murfin kwalba. Tuwon yakan fito da duhu-duhu, da ɗan kaushi a harshe. Satin farko Inna ta sha kumburin ciki da iska, har Luba ta tsorata ta rage. A sati na biyu ciki ya saki, ya koma kusan kullum. Da maganin da rage gishirin, ƙafa ta saɓe har takalmi ya shiga. Ƙaiƙayin bai tafi duka ba, amma ta daina kwana tana susa da tsinken tsintsiya. Ta koma fitowa tsakar gida tana tsince wake, tana yi wa Luba faɗan an bar kaji sun shiga ɗaki. Wata ya cika muka koma, likita ta dubi takardar jini ta ce bai gyaru ba, bai kuma ƙara lalacewa ba, kuma a wannan ciwon tsayawa wuri ɗaya nasara ce. Wata na biyu ma haka. Na fara sakin jiki.

Sai 'yan dubiya.

Ban ƙi dubiya ba, lada ce, zumunci ne. Amma wallahi rabin masu zuwa dubiya kwano suke zuwa dubawa. Kowa ya shigo da ledar burodi da lemon kwalba da madarar gwangwani, a ajiye a gaban mara lafiya, a ce ta daure ta sha ta ji ƙarfi. Luba ta yi godiya ta kwashe ta kai ɗaki. Sai a fita ana cewa matar Shehu tana ɓoye kayan dubiya, ita da 'ya'yanta su sha, tsohuwa kuma a tura mata baƙin tuwo. A wurinmu mara lafiya ɗan gata ne, kuma gata fari ne: farar shinkafa, farfesu, kunu tatacce mai santsi. Tuwon da ba a surfa ba na wanda ya rasa ne, ko na ragguwar mace. Ga shi kuma an gan shi a gidan mai injin surfe, a gaban uwar mai injin.

Magana ta bar unguwa ta shiga kasuwa. Wata ranar kasuwar Goronyo ina sauke buhuna, wani mai kiwo da muka daɗe muna ciniki ya ɗaga murya a cikin mutane ya ce, "Shehu, halan shi ya sa dusa tay yi tsada bana? An ce tsohuwa ta shiga layin raguna." Aka fashe da dariya. Na yi kamar in shaƙe shi, sai aka riƙe ni. Na dawo gida ban ci abinci ba. Ban yi wa Luba faɗa ba, amma na tambaye ta ko ba za a iya tankaɗe garin ya ɗan yi haske ba. Ta dube ni ta ce, "Likita tac ce hakanan, ko mutanen kasuwa?"

Bayan kwana kaɗan Yakumbo ta iso daga Tursa. Ita ce yayar Inna, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye ta, kuma tun da iyayensu suka rasu maganarta ce magana a dangi. Ta iso da azahar, daidai an ajiye wa Inna kwano. Ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe kwanon, ta gutsuri tuwon ta murza a yatsu, ta sa aka kira ni daga inji.

"Shehu, mi na na wanga?"

Na durƙusa na gaishe ta, na fara bayanin likita. Na kai wurin ƙananan halittun nan na ciki, sai ta ɗaga hannu.

"Tsutsa kaka kiwo cikin ƙanwata Hassi? Mutane na shan magani su kashe tsutsa, kai kana ba ta abinci? Ubanmu ko shekarar da anka yi yunwa bai ba mu hatsin da ba a surhe ba. Yau ga ɗanta da inji, shina surhe ma duniya, uwa tai na cin dusa. Ba gishiri, ba nama, ba kanwa. Wagga jinya ta ko horo?"

Luba ta ce, "Yakumbo, wallahi ta samu sauƙi, ki dubi ƙahwahunta."

"Ke ban da ke. Ɗiyar mutane, mi ag gamin ki da ciwon 'yar uwata? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganin shi." Ta juyo gare ni. "Tahiya zan yi da ita. In mutuwa ta, ta mutu da ɗanɗanon abinci a bakinta."

A nan ne ya kamata in miƙe in ce a'a. Gidana ne, uwata ce, takardar likita na cikin aljihuna. Amma a gidanmu ba a yi wa Yakumbo musu, kuma, in faɗi gaskiya, dariyar kasuwa tana nan tana yi mini ƙara a kunne. Sai na nemi inda zan rataya laifin. Na juya wajen Inna.

Ni ne ɗanta na fari. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da wannan yake nufi. Ba ta kiran sunana, "mai inji" take cewa. Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta shigar mini faɗa, ba ma zama mu yi hira ido da ido. Duk abin da take so a wurina, ta bakin Luba yake zuwa. Na san haka sarai, amma na tambaye ta a gaban yayarta, a gaban matan da suka fara taruwa a bakin ƙofa, na ce, "Inna, kina son tahiya?" Me nake jira ta ce? Ta zaɓi ɗan fari a kan yayarta a bainar jama'a? Ta kawar da kai wajen bango ta ce, "Yaya ta hi ni sani."

Na ji zafin maganar nan har cikin raina. Na ce a zuciyata, wato duk wahalar da muke yi, ita ma kallon masu ba ta dusa take yi mana. Na samo mota da kaina. Luba tana kuka ta ɗaure magunguna a leda, ta auna gari a ɗan buhu, ta bi Yakumbo har bakin mota tana cewa don Allah ban da kanwa, ban da gishiri. Yakumbo ta ce ta ji.

Sati biyu ban taka Tursa ba. Ba aiki ne ya hana ni ba, fushi ne. Luba ta yi ta yi mini magana, ina cewa ai suna wurin waɗanda suka fi mu sani. Nakan kira a waya, a ce mini tana samun sauƙi, har ta yi ƙiba, fuska ta ciko. Na ji kalmar nan, ciko, na kuma san abin da take nufi a jikin Inna, amma na bar ta ta wuce. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce, na ce sai wani satin.

Abin da ya faru a can daga baya na tattara shi. Garin Luba awaki aka ba. Aka yanka mata kaza, aka yi farfesu da gishiri da dunƙule yadda ya kamata a yi wa 'yar gata. Farar shinkafa da rana, burodi da shayi mai kauri da safe. Maganin rage ruwa aka ajiye shi, wai yana tashinta fitsari yana wahalar da ita. Gwiwa ta motsa, aka aika kemis. Ciki kuwa ya ɗaure, kwana uku, kwana biyar, har mako ya wuce. Kuma kowa a ƙasar nan ya san maganin ɗaurewar ciki: a jiƙa jar kanwa a sha, a bi da kunun kanwa. Yakumbo ta jiƙa, ta ba ta safe da yamma, da hannunta, da bismillah, da ƙauna. Ban taɓa shakkar ƙaunar ba.

A cikin sati na uku Luba ta ce in ban je ba ita za ta hau mota ta tafi. Muka tafi tare, muka isa da hantsi. Na tarar da Inna a zaune an tokare ta da matasai, don in ta kwanta numfashi ba ya fita. Idanunta sun kusa rufewa don kumburi, ƙafafun sun yi kamar turmi, tana ta yunƙurin amai. A gefen gado ga kwanon sha da jan ruwa a ciki. Na ɗauka na sansana. Ban san lokacin da na yi jifa da shi ba, ya bugi bango. Ban taɓa ɗaga murya a gaban Yakumbo ba sai ran nan, kuma abin da na faɗa ba zan rubuta shi ba. Ita kuwa ta tsaya tana cewa, "Kanwa ta fa, Shehu, kanwa ta. Da ita munka tashi."

Direban da ya kai mu Sakkwato, Allah ya yi masa albarka, bai tsaya ɗaukar kowa a hanya ba, kuma da muka isa shi ya taya ni ɗaukar ta. Likita ta zo ta duba ta, ta karanta sabuwar takardar jini, ta tambayi abin da aka ba ta. Luba ta faɗa. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta zage ni ba. Ta ce ciwon dama mai tafiya ne, ba za ta iya rantsuwa cewa da an bi ƙa'ida ba za a taɓa zuwa nan ba, amma ba yanzu ba, ba da wannan saurin ba. Sannan ta ce ruwa ya hau huhu, babu sauran zaɓi sai inji.

Inna ta ji. Ba ta yi gardama ba, ba ta tuna wa kowa roƙon da ta yi ba. Ta rufe ido kawai aka tura ta.

Wankin ƙoda wata duniya ce. Injunan kaɗan, masu jira da yawa, kowa da ranarsa, in wuta ta ɗauke ko inji ya tsaya ranarka ta wuce sai ka sake bin layi. Sau biyu a mako, kuma kowane zuwa sai ka biya kafin a taɓa mara lafiya. Na sayar da ragunan da na turke, na jinginar da gonar fadama. Muka kama ɗaki a birni, Luba ta bar 'ya'yanta wurin uwarta ta tare da Inna. Ita ke wanke ta, ita ke juya ta, ita da aka ce tana ɓoye madara. A benci na haɗu da manoma irina daga ƙauyuka daban-daban, kuma in ka saurari labarinsu kusan ɗaya ne: hawan jinin da ba a sani ba, ƙwayar ciwon jiki, ƙarin ruwa, jiƙe-jiƙe. Na yi ta tambayar kaina, don me sai mutum ya iso bencin nan sannan wani zai zauna ya yi masa bayanin da likitar nan ta yi mana a cikin minti kaɗan?

Yakumbo ta zo sau ɗaya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ga jinin 'yar uwarta yana fita ta roba yana shiga inji yana dawowa, sai ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Ban gaishe ta ba ran nan. Yanzu muna gaisawa. Ta tsufa a cikin wata biyu fiye da yadda ta tsufa a shekara goma, kuma ba ni da abin da zan ƙara mata a kan abin da take ɗauke da shi.

Don haka ga abin da nake ce wa duk mai tsoho a gida. A gwada hawan jini ko ba a jin ciwon komai. A bar ɗirka wa tsofaffi ƙwayoyin kemis. Kumburi ba ƙiba ba ne. In likita ya tsara abinci, a bi, a koma a duba jini, kada kuma wani ya karanta wannan ya je ya ɗura wa mara lafiya dusa da ka, don na Inna da awo aka ba ta. Mai ciwon ƙoda kuma a raba shi da kanwa ko wace ce ta jiƙa ta. Masu zuwa dubiya, ku yi addu'a ku tashi, ba a aiko ku duba kwano ba.

Inna ta yi sati biyar a kan inji. Zuciyarta ba ta ɗauka ba, kowane wanki sai ya bar ta a galabaice fiye da na baya. Wata ranar Laraba da la'asar, bayan an dawo da ita gado, ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin da ledar magani a hannu, Luba na shafa mata mai a ƙafa. Inna ta san ina wurin. Ta juya fuskarta wajen bango, kamar yadda ta saba in magana ta shafe ni, ta ce da Luba:

"Ki gaya ma mai inji, tuwon ga naku bai taɓa damuna ba. Ya hi man daɗin ciki. Na san kanwa ba ta yi man, na ji likita da kunnena."

Luba ta ce, "To Inna, don mi kinka tahi? Don mi kinka sha?"

Inna ta amsa, fuskarta na wajen bango:

"An ce an yi mai dariya kasuwa. Cikin mutane. Na ce in ina gidan Yaya, ba mai sake cewa ɗana ya ba ni dusa. In kau na ƙi abin hannun Yaya, cewa za a yi shi yah hana ni."

Ledar ta faɗi daga hannuna. Na so in shiga in durƙusa in ce mata dariyar banza ce, ta mutanen banza, da na sani da an yi ta yi mini ita har in mutu. Ban shiga ba. Shekara arba'in da wani abu ba mu saba ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na tsuguna na tsince ƙwayoyin da suka watse a ƙasa ɗaya bayan ɗaya.

Ta rasu ranar Asabar da safe, Luba na riƙe da hannunta.

A zaman makoki mutane sun cika ƙofar gidana, har da na kasuwa, har da matan unguwa da suka yi ta yawo da maganar kwano. Ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannuna suna cewa, "Shehu, kai kam ka yi ma tsohuwa gata. Har bisa inji ka kai ta, ka sai da dabbobinka, ka jinginar da gona. Ɗa na gari ya gode ma Allah." Ba wanda ya ƙara ambaton dusa. Sunana ya wanku tas, yadda ta so. Ni kuma ina zaune a kan tabarma ina amsa musu da na gode, na gode, don haka ake cewa.